Tarin da Aka Samu Kyauta

Litinin, 6 ga Oktoba, 10:40 na safe

A sanar da jama'a, na kusa da na nesa, cewa yau da misalin ƙarfe tara da kwata ƙofar banɗakin gidana ta daina kuka. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wa gidan rediyonmu aiki, ba albashi ba hutu. Ta yi ƙofar kurkuku, ta yi ƙofar ofishin alƙali, ta yi ƙofar kangon da aljanu ke kwana. Sau ɗaya ma, da na rage mata gudu a kwamfuta, ta yi jirgin ruwa yana nutsewa. Auta ce ta kashe ta da ɗigo uku na man keken ɗinki. Ba za a yi zaman makoki ba, amma ana karɓar gaisuwa.

Na ce mata, "Kin san abin da kika yi kuwa? Kin sallami ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa a sashenmu."

Ta ce, "Baba, ƙofa ce fa."

Abin da digiri biyu ke yi wa mutum ke nan.

Ga duk wanda zai tsinci littafin nan bayan raina: aikina sa ƙara a wasan kwaikwayo na rediyo. In ka ji ruwan sama, shinkafa ce nake zubawa a faranti. In ka ji gobara, leda ce nake murzawa. In ka ji an karya wa mugu ƙafa, karas ne. Gidan rediyon bai taɓa ware ko sisi don wannan ba, saboda haka duk abin da ke gidana ma'aikaci ne.

Auta ta zo ne daga garin da take aiki saboda uwarta tana asibiti tun ranar Alhamis. Tari ne. Ba wani abu ba ne. Na rubuta ne kawai don a san yadda aka yi man keke ya faɗa hannun wadda ba ta san darajar ƙara ba.

Talata, 7 ga Oktoba, 2:15 na rana

Na shafe safiya ina neman ƙofa a intanet. Na kyauta sun fi ɗari, amma duk ƙofofin ƙasashen sanyi ne, masu nauyi, masu rufuwa a hankali kamar an ba su haƙuri. Ba wadda ta taɓa shan rana ta kumbura. Na samu ɗaya mai kukan gaske, sai aka ce in sa lambar kati. Na kai wa Darakta maganar, ya dube ni kamar na ce ya ba ni 'yarsa.

"Malam, kai da ka yi mana yaƙin duniya da gwangwanin madara? Nemo mana ta kyauta."

Da sha biyu na je asibiti. Likita yaro ne, bai fi sa'ar Auta ba, amma yana da natsuwa. Ya tambayi yaushe tarin ya fara. Matata, wadda nake kira Gwamnati tun shekara ta biyu da aurenmu, lokacin da na gane wa ke mulki, ta nuna ni da haɓa.

"Ku tambayi Malam, shi ne mai kunne."

Na ce sati uku. Ta gyaɗa kai. Likita ya rubuta, ya ce in haka ne sanyi ne ya sauka a ƙirji, allurar kwana bakwai za ta kore shi.

Laraba, 8 ga Oktoba, 5:10 na yamma

Yau ranar wasanmu ce, Laraba da Asabar, huɗu da rabi. Ban kunna ba. Ba sai na kunna ba, Tela maƙwabcinmu yana ƙure rediyonsa har bango ya ɗauka.

A wasan akwai wata tsohuwa marar lafiya da ake kira Kaka. Wadda ke yin ta shekarunta ashirin da shida, muryar tsofaffi tana yi kamar a bakinta aka ƙirƙiro, amma tari ya gagare ta. In ta yi, sai ka ce sallama take a ƙofar ofis. Na nema a intanet, duk tarin ƙosassun maza ne, irin na wanda lemo ya sarƙe. Ana nan, kwanakin baya, ina ɗaukar ruwan sama a falo, sai tari ya shigo daga kicin ya ɓata min aikin. Har na sa alama zan yanke in yar, sai na sake saurara.

Ban taɓa jin tari mai kyau irinsa ba. Daga can ƙasa yake tasowa, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya fito biyu a jere, da ɗan fito siriri a wutsiya. Na ɗora wa Kaka. Darakta ya cire abin kunne ya ce, "Ina ka samo wannan?" Na ce a intanet. Ya ce nawa? Na ce kyauta. Har ya rungume ni.

Gwamnati ba ta sani ba. Ba ta sauraron wasan, ta ce ƙararsa da take sha a gida ta ishe ta.

Yau sau huɗu Kaka ta yi tari ta bangon Tela. Ina zaune a falo da kofi a hannu. Ban san lokacin da na ce "sannu" ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 1:00 na rana

Allura ta uku. Ta ci cokali huɗu. Ba wani abu ba ne.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 11:30 na safe

Akwai abin da muke kira shirun ɗaki. Kowane ɗaki yana da nasa shirun: iskar fanka, nishin firji, motar da ke wucewa can nesa. Shi muke shimfiɗawa a ƙarƙashin maganar 'yan wasa, in babu shi sai muryoyi su zama kamar na mutanen da ke rataye a sama. A intanet har shiru sayarwa ake yi, na rantse, minti biyar da kuɗinsa. Ni a falona nake ɗauka.

Da Auta ta fita na kafa makirfo na ɗauki minti uku. Na sa a kwamfuta don in gyara, na ɗora yatsa a kan maɓallin yanka, ina jira. Minti uku suka wuce ban yanke komai ba. Sai a lokacin na lura yatsana ya saba: duk bayan daƙiƙa arba'in ko hamsin yakan danna da kansa. Na buɗe tsofaffin shirun da na ɗauka a falon nan. Duk faci ne, kamar wandon makanike.

Na sake sauraron na yau. A minti ɗaya da daƙiƙa goma na ji wani abu ta wajen kicin, kamar mutum ya ja numfashi zai fara. Na duba layin sautin a allo. A miƙe yake ɗoɗar, ba ko ɗigo. Na maimaita sau uku. Sau uku na ji.

Abin kunnen nan ya tsufa, zan nemi wani.

Asabar, 11 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Darakta ya kira taro. Masu sauraro sun kamu da son Kaka, har wata mata ta aiko mata da zuma a kwalba. Saboda haka an yanke shawarar ciwonta zai tsananta nan da sati mai zuwa.

"Malam, muna son tari mai tayar da hankali. Wanda in mutum na cin abinci zai ajiye cokali. Koma inda ka samo na farko."

Na ce zan duba ko shafin yana nan.

Yarinyar da ke yin Kaka ta ce, "Wallahi Baba, ko ni in na ji tarin nan sai in ji kamar da gaske zan mutu." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ai ni ne uban barkwanci a gidan nan, in ban yi ba sai a ce lafiya.

Ina da jaka guda a kwamfuta mai suna TARI. Ban buɗe ba. Akwai aiki da yawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 3:45 na yamma

Na same ta a zaune, an jingina mata filo biyu. Ɗakin gado shida ne, nata na kusa da taga.

"Ranki ya daɗe," na ce, "talakawa sun zo gaisuwa."

"Talakawa sun sa riga a bai-bai," ta ce. "Auta, dubi ubanki. Kwana goma kawai."

Gaskiya ne, a bai-bai take. Na ce sabon yayi ne, ta ce yayin mahaukata. Ta tambayi shinkafarta, ta ce in ta dawo ta tarar na mayar da rabin buhu ruwan sama, ni da ita ne. Na ce damina ta wuce a wasan, yanzu gobara ake yi. Ta ce to a ɓoye ledoji.

Warwaronta ya zame har gwiwar hannu. Da can a wuyan hannu yake tsayawa. Na ce Auta ta buɗe taga.

Abu ɗaya na lura, don kunne ba ya barin mutum ya huta: ba ta yi tari a gaban Auta ba ko sau ɗaya. Haɗiye shi take yi. Ina jin sa yana tasowa, ya zo nan, ta danne, ta ce a miƙo mata ruwa. Da Auta ta fita karɓo magani sai ta sake shi gaba ɗaya, ta riƙe ƙarfen gado. Na tsaya ina kallon agogon bango. Daƙiƙa goma sha tara.

Me ya sa na ƙirga?

Litinin, 13 ga Oktoba, 12:50 na rana

Allura ta ƙare, zazzaɓi bai sauka ba. Likita ya daɗe yana juya takarda.

"Baba, sati uku kuka ce ko?"

Na ce sati uku.

"Saboda in watanni ne, to ba nan za mu duba ba. Wasu gwaje-gwaje ne daban, sai an tura ta babban asibiti. Amma in sati uku ne, mu canza magani mu ƙara mako guda."

Ya dubi Gwamnati. Ta ce, "Yadda Malam ya faɗa."

Auta ta ce, "Likita, in dai ƙara ce, Baba ba ya kuskure. Yana gane wanda ya shigo gida daga takunsa."

Na yi murmushin manya.

Talata, 14 ga Oktoba, 9:20 na safe

Na buɗe jakar. Don aikin Darakta na buɗe, a rubuta haka.

Ni mutum ne mai tsari, kowa ya shaida. Ban taɓa ajiye ƙara ba tare da lamba da kwanan wata da ɗan bayani ba. Na sha yi wa abokan aiki gori a kan haka. Fayil sittin da uku ne a ciki. Tarin tari, in ji mai son wasa da kalma.

Na farko: 11 ga Fabrairu.

Na lissafa da yatsu, na sake lissafawa daga ɗaya hannun, ko za a samu ragi.

In za a faɗi gaskiya, na farkon ne kaɗai ya shigo da kansa. Sauran sittin da biyu ni na je na ɗauko. Nakan cire takalmi, in laɓe a bayan ƙofar kicin da makirfo, abin kunne a kaina, in jira. Ban taɓa jira ya wuce minti biyu ba.

Na saurare su a jere, abin da ban taɓa yi ba. Kamar sauka daga bene ne, mataki bayan mataki. Na Fabrairu busasshe ne. A Afrilu fiton ya yi tsawo. A Yuni, bayan tarin, akwai ƙarar tafin hannu yana dafa tebur. Daga Agusta, duk bayan tari sai a buɗe famfo. Ba wanke-wanke ake ba, babu ƙarar kwano. Famfo kawai, daƙiƙa biyar, a rufe.

Ga bayanan da na rubuta da hannuna. Lamba 9: mai kyau. Lamba 24: mai kyau ƙwarai, akwai zurfi. Lamba 41: an ji famfo, a yanke. Lamba 58: ya yi yawa, ba za a yarda ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, 7:05 na safe

Sati uku ne da ya tsananta. Wannan ba ƙarya ba ce.

Laraba, 4:55 na yamma

Sau biyar Kaka ta yi tari yau. Lamba 24 ce da lamba 30. Tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, tsohuwar nan taku ba za ta kai ba fa." Na ce sai yadda marubuci ya so.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 2:30 na rana

Akwai abin da ya dawo min yau ina cikin motar haya, har na wuce inda zan sauka.

A watan Yuni, a shirin da ake buɗe layi bayan wasa, wata mata ta bugo. Ta ce nas ce, ta yi shekara talatin a ɗakin masu ciwon ƙirji kafin ta yi ritaya. Ta ce, "Ni ba yabo na kira in yi ba. Wannan tarin ba na wasa ba ne. Ko wace ce ke yin sa, a kai ta a duba ta." Darakta ya buga tebur don murna. Ya ce wannan ya fi lambar yabo, har nas mun ruɗa. Aka yanki maganarta aka riƙa sawa a tallan wasan sati biyu. Ni na yanka. Ni na ɗora mata kiɗa a ƙasa.

Da na dawo gida ran nan na so in ba Gwamnati labari, sai na tuna ba ta sani ba. Na ci abinci, na yaba miya.

Na karanta litattafai da yawa a kan mutanen da aka yi wa gargaɗi ba su ji ba. Kullum nakan ce marubucin ya zuzuta, ba wawan da zai kai haka.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 8:15 na safe

Auta tana zuba shayi a fulas ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, ran Laraba na ji wasanku a shagon Tela. Tarin tsohuwar nan kamar na Mama."

Na ce, "Tari ai duk ɗaya ne."

Ta ajiye fulas. "Kai ne fa ka hana ni barci ina ƙarama kana nuna min cewa ko cokali biyu ba sa ƙara iri ɗaya."

Na ce cokali daban, mutum daban. Ban san me nake nufi ba. Ta dube ni irin kallon uwarta, ta ɗauki kwando ta fita. Tashar tamu ba ta kai garin da take aiki. Ba ta san tun yaushe Kaka ke tari ba.

Sabon maganin ma shiru. An sa mata robar iska a hanci.

Juma'a, 3:00 na yamma

Na yi ƙoƙari, a shaida. Na ƙona barkono a murfin tukunya, na shaƙa, na yi tari a makirfo har hawaye. Na kai wa Darakta. Ya saurara ya ce, "Wannan ai tarin mai lafiya ne, Malam. Ka ji shi, kamar ya ci ya ƙoshi. Gobe ne fa. Ina na wancan shafin?"

Na ce shafin ya rufe.

"Ba ka ajiye ko ɗaya ba? Kai?"

Kowa a ɗakin ya juyo. An san ni.

Na ba shi lamba 58.

Asabar, 18 ga Oktoba, 6:40 na yamma

Na so in isa asibiti bayan biyar. Mota ta yi sauri.

Matar gado na uku tana da ƙaramin rediyo. Ina shiga ana tsakiyar wasa, masu jinya sun kewaye shi, har da nas guda a tsaye da tire. Kaka ta ce a kira mata 'ya'yanta. Sai lamba 58 ta fara. Daƙiƙa ashirin da shida ce, na sani, ban rage ko ɗaya ba. A ƙarshenta akwai ƙarar kofi ya faɗi ya fashe, Darakta ya ce a bar shi, ya ƙara armashi.

Wata ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Nas ta girgiza kai.

Sai daga gadon bakin taga aka amsa. Iri ɗaya, daga ƙasa, biyu a jere, da fito. Kamar rediyon ya yi kira an amsa masa.

Ba wanda ya juya. Na rediyo suke tausayi.

Auta ba ta nan, ta je sallah. Gwamnati ta goge baki, ta naɗe ƙyallen a tafin hannu, ta ɗago ta dube ni. Na ce na manta ayaba a mota, na fita. Ban zo da ayaba ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 2:20 na rana

Ban je ba. Na ce wa Auta ciwon kai.

Ƙarfe biyu daidai na ji tarin daga kicin, sau biyu, sannan famfo. Yau ba ranar wasa ba ce. Na zagaya wurin Tela na ce ko maimaici ake yi. Ya ce tun safe ba wuta, batirinsa ma ya mutu, yana ta ɗinki da ƙafa.

Na dawo na duba famfo. A bushe yake.

Litinin, 20 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na jefa jakar a kwandon shara na kwamfuta. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na'ura ma ta fi ni tambaya. Na dawo da ita.

Na tsara abin da zan ce wa Likita. Na yi shi iri uku, a cikin biyu na fito da mutunci.

Litinin, 1:30 na rana

Likita ba ya nan, sai Laraba. Na ji daɗi. Na rubuta don in ga yadda kalmar take a takarda.

Talata, 21 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Ta aiki Auta sayen sabulun da na san akwai shi a jaka. Ta ce in jawo kujera kusa, muryar ba ta nisa yanzu.

"Na ran Asabar ɗin nan," ta ce, "na ranar da na fasa kofin baƙi ne ko?"

Na ce wane kofi.

"Malam. Shekara talatin da ɗaya."

Ta huta, ta ci gaba a hankali, tana tsayawa tsakanin magana.

"Ƙofar kicin ɗin nan ba ta kai ƙasa ba. Ina ganin ƙafafunka. Babu takalmi. Ranar farko na ce, Allah sarki, bawan Allah ya damu, ya zo yana saurare, yana jin nauyin yi min magana. Na ce gobe zai ce in shirya mu je a duba ni. Har mayafi na goge na rataye a bayan ƙofa."

Na tuna mayafin. Ruwan toka. Ya daɗe a wurin. Na taɓa ɗaukarsa na yi ƙarar tutar jirgi da shi.

"Sai wata Laraba na kai wa Tela ɗinki, na ji kaina a rediyo."

"Yaushe?"

"Afrilu."

Na ce me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce da farko haushi ne, ta ce bari ta ga iya gudun ruwana. Daga baya kuma tsoro. Ta ce muddin ina laɓewa ina komawa falo ina fito, sai ta ce wa ranta ai mai kunne ya ji, da abin tsoro ne da ya faɗa.

"To Likita fa? Da ya tambaye ki?"

"A gaban 'yarka? Ka ce sati uku, ni in ce wata takwas? Yarinyar da take ganin ko ganye ne ya faɗi kana ji?"

Tari ya taso mata. Ba ta haɗiye ba. Na riƙe mata kafaɗa, ban ƙirga ba. Ƙasusuwa ne a hannuna. Da ya lafa ta jingina ta rufe ido, na ɗauka barci ne, sai ta ce:

"Kuma 'yar wasa guda, wata takwas ana sa ni a rediyo, ko zumar da aka aiko ban gani ba."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ta ce in goge fuska, Auta na tafe, ta ji takunta. Ni ban ji ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, 11:45 na safe

Na tafi da kwamfuta. Na ce Auta ta biyo ni ofishin Likita. Duk iri ukun da na tsara ban yi ko ɗaya ba. Na ajiye kwamfutar a kan teburinsa, na juya masa allon, na ce ya dubi kwanan watan, na danna lamba 1.

Ya ce in sa ta gaba. Na sa 9, na sa 24. Ya ajiye biro. Ya tambayi famfon, na ce na yanke a yawancinsu amma akwai asalin, na sa masa 41. Ya nemi 58, ya saurara har kofin ya fashe. Ya jawo fayil ɗinta, ya ja layi a kan sati uku, ya rubuta wata takwas a sama, ya ɗauki waya. Gobe da safe za a wuce da ita babban asibiti.

Na tambaye shi ko an makara. Ya ce ba zai iya cewa komai ba sai an ga hoto. Sannan ya ce, bai ɗaga murya ba, "Sati biyun nan dai da sun yi mana amfani, Baba." Ya roƙi in tura masa duka sittin da uku, ya ce bai taɓa samun tarihin ciwo a tsare haka ba. Ina jin yabo yake nufi.

Auta ta fita tun a lamba 41.

Laraba, 3:50 na yamma

Na same ta a bencin bakin ɗakin magani, kwando a cinya. Na zauna a ɗaya ƙarshen.

"Duk ka ji wannan, Baba?"

"Na ji."

"Tun Fabrairu."

"Tun Fabrairu."

"To me ka ɗauka?"

Na nemi abin dariya a duk aljihuna, babu.

Na ce, "Na ɗauka ba wani abu ba ne. Na yi kuskure."